Igiya Na Saya

A ƙauyenmu, can kudu da Bodinga, har gobe idan mutum ya je kasuwa aka yi masa wayo, sai ka ji tsofaffi suna tambayarsa ko igiya ya sayo. Yaran yanzu ma sun ɗauki maganar suna yawo da ita, ba su san inda ta fito ba. Ni na sani, domin a kaina aka fara ta. Waɗanda suka yi mini dariya a lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka gara in ba da labarin da bakina kafin jikokinsu su ƙara masa gishiri.

Zamanin Turawa ne, ina sabon ango, ina jin kaina kamar ni na fara aure a duniya. Mahaifina yana da lambu a fadama, da 'yar rijiya da jigo, inda yake noman albasa da dankali da rogo idan rani ya shigo. A shekarar nan gwiwarsa ta ƙi, ganinsa ma ya ragu. Bayan an gama aikin kaka sai ya kira ni zaure.

"Lambun ga na ba ka shi rani guda," in ji shi. "In ka hidda abin kirki, naka na har abada. In biri ya hi ka, sai in ba ɗan baffanka, kai ko baɗi ka bi 'yan cin rani."

Wanda bai san wancan zamani ba zai ce me ke ciki. A lokacin, namijin da ba shi da lambu ba ya zaman rani a gida. Da an ɗaure gero an kai rumbu sai ya saɓa ƙunshinsa ya bi sahu a ƙasa zuwa Kurmi ko Gwanja, ya yi dako ko ga-ruwa, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Wasu su dawo da turmin atamfa, wasu su dawo da tari, wasu ba sa dawowa. Yayana yana cikin na ƙarshen nan. Ya tafi tun ina ƙarami, ko labarin kabarinsa ba mu samu ba. Ga matata kuma da ƙaramin ciki. Ina tsoron wannan hanya ƙwarai, ko da yake a gaban samari cewa nake yi ni dai ban ga abin sha'awa a Kurmi ba.

Birin da Baba ya ambata ba karin magana ba ne. Jajayen birai ne, garke guda, suna zaune a tsaunin da ke bayan fadama, kuma sun fi ni sanin lokutana. Sun san ranar Juma'a, sun san ranar kasuwa, sun san sa'ad da nake zagayawa bayan gari. Dankali da rogo su ne abincinsu. Albasa ba sa cinta, amma don tsabar wulaƙanci sai biri ya tumɓuke ta ya gatsa, ya yamutse fuska ya jefar, ya sake tumɓuke ta kusa da ita ko zai dace. Na kafa mutum-mutumi a bakin rijiya, na sa masa tsohuwar taguwata da malafa. Washegari na tarar da babbansu zaune a inuwarsa yana ɓare dankali.

Ana cikin haka wata safiya na zo zan kama jigo sai na ji nishi daga cikin rijiya. Na leƙa, na ga karya tsaye cikin ruwa har wuya, ta ɗaga hanci sama. Ƙishirwa ta kawo ta, santsi ya ja ta. Mutane daga baya sun riƙa cewa tausayi ya sa na shiga na fito da ita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Abin da na tuna a lokacin shi ne idan ta mutu a ciki ni zan kwashe ruwan duka da hannuna. Rijiyar lambu ba ta da zurfi, na tuɓe na sauka, na sungumo ta na turo ta waje.

Da na dube ta a fili sai na ga ban taɓa ganin mummunar dabba irinta ba. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Kirci ya cinye mata gashin baya, kunne ɗaya a tsage, wutsiyar kuwa guntuwa ce, ban san wanda ya tafi da sauran ba. Ta girgiza jiki ta watsa mini ruwa, ta je gindin mutum-mutumi ta shinshina taguwar, ta kwanta. Na jefe ta da hoge. Ta tashi ta je bakin shinge ta jira na gama fushi, ta dawo ta kwanta inda take.

Daga ranar ta zama inuwata. In na nufi gida tana bayana, in na nufi masallaci ta tsaya nesa ta jira. A ƙofar gida take tsayawa, kamar an gaya mata Baba ba ya yarda kare ya taka masa zaure. Abokaina suka samu abin yi. Da na doso inda suke zama sai wani ya ce ga ango nan da karyarsa, kuma sun iya lanƙwasa harshe yadda ba za ka gane ko karya suke nufi ko ƙarya ba. Da a ce tana da amfani da na jure. Amma ko haushi ba ta yi. Da idona na ga birai sun wuce ta gabanta ɗauke da rogo, ta ɗaga kai ta dube su, ta mayar da kan ta ajiye. Ban yi tunanin yunwa ce ta hana ta tashi ba. Na yanke hukunci kawai cewa bebiya ce kuma raguwa.

Sai ga shela daga mai unguwa. Di'o, Baturen mulki, zai fito rangadi, za a gyara hanyar mota daga Bodinga, kowane gida ya ba da namiji ɗaya, kuma a can za a riƙa kwana sai an gama. Gidanmu ba wani namiji mai ƙafa sai ni. Baba ya ce zai iya hawa jaki ya sauka fadama ya yi ban ruwa da yamma, amma korar biri ba ya cikin alkawarinsa, don birai ba sa tsoron tsohon da ba ya iya tashi. Ga albasa ta fara kai, ga dankali ya nuna. Na ga lallai sai na samu kare.

"Wagga da tab biyo ka hwa, maigida?" in ji matata, tana tankaɗe. "Ka ba ta abinci ka gani mana."

Na ce mata tsintacciyar mage ba ta mage. Na faɗa da muryar manya, har na ji daɗin kaina. Na kuma gaya mata na ji labarin wani mafarauci a Shagari mai karnukan asali, jinin Azbin, waɗanda uwarsu da kakarsu duk an san su, kuma ko zomo ba ya tsere musu balle biri. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Baba ne ya kawo cikas. Ya yi karatu daidai gwargwado, kuma ba ya wasa da abin da ya ji a bakin malamansa.

"Kare don gona, ko kiyo, ko hwarauta, malamai sun yarda," in ji shi. "Amma kare ba a sayenai, ba a cin kuɗɗinai. In an ba ka, karɓa. In ka tsinta, riƙe. Kak ka kawo min sayayyen kare cikin lambu."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce bari dai in je in gani da idona, gani ai ba saye ba ne.

Ranar kasuwar Shagari na fito da rigar angoncina daga adaka, saƙi ce mai aiki a wuya, ita kaɗai ce babbar rigata. Na yi tunanin idan na je a matsayin mutum mai nauyi za a nuna mini karen kirki, ba za a haɗa ni da ragowa ba. Na hau jakin Baba tun da sanyin safiya. Ban yi nisa ba na waiwaya, sai ga karya tana biye, tana ɗingishi. Na tsawata mata, na sauka na jefe ta, na hau, na waiwaya, tana nan. Haka muka shiga Shagari, ni a gaba da riga tana jan iska, ita a baya da kirci.

Gidan mafaraucin yana bakin gari. Dattijo ne siriri, mai sanyin murya, da layu a damtse. A gindin wata tsamiya na ga karnukan. Dogayen ƙafafu, ƙirji mai faɗi, ciki a ɗame, gashi kamar an shafa musu mai. Akwai wani ja a cikinsu, ya kwanta ya harɗe ƙafafun gaba yana kallona kamar ni aka kawo masa ya duba. Tun kafin in gama gaisuwa na san shi nake so.

Mafaraucin ya amsa gaisuwata, idonsa a kan wuyan rigata. Sannan ya leƙa bayana.

"Ango, waccan hwa? Taka ta?"

Karyar tana tsugune a bakin hanya, harshe a waje. A gaban waɗannan 'ya'yan sarauta ta ƙara muni. Na ce ban san ta ba, halan ta garin ce.

"To," in ji shi. "Ita kam ta san ka."

Na bar maganar ta wuce, na shiga abin da ya kawo ni. Na gaya masa batun birai, na nuna jan karen, sannan cikin jin nauyi na faɗa masa sharaɗin Baba. Ina tsammanin zai ce in kama hanya. Sai na ga ya dafe ƙirji kamar na zage shi.

"Subhanallahi. Wa ac ce maka ina saida kare? Tsohonka ya yi gaskiya. Ni igiya ni ka saidawa. Wanda dut yas sayi igiyata, ina ba shi kare kyauta, don zumunci."

Ya shiga ɗaki ya fito da igiyar rama, sabuwar tufka, mai kauri daidai. Ni kuwa farin ciki ya kama ni. Na ga na samo ƙofar da Baba da duk malamansa ba su gani ba: ga kare, ga bin maganar mahaifi, ba wanda aka saɓa wa. Na tambayi abin da zan bayar. Bai ambaci komai ba, sai ya miƙo hannu ya murza gefen rigata tsakanin yatsunsa, ya ce masaƙin nan ya san aikinsa. Na yi ɗan jim, don kada a ce ban yi ciniki ba, sannan na cire ta.

Ya kira maƙwabtansa biyu da ke zaune a ƙofar gida. "Ku zo ku shaida. Ango, hwaɗi da bakinka, mi kas saya?"

"Igiya nis saya," na ce, da ƙarfi, har ina murmushi.

"Karen hwa?"

"Kyauta anka ba ni."

Suka ce sun shaida. Ɗayansu ya sunkuyar da kai yana tari, na ɗauka mura ce. Mafaraucin ya ɗaura igiyar a wuyan jan karen ya miƙo mini, ya yi mini bayani: in ɗaure shi sai ya saba, in ba shi nono da tuwo mai mai, kada in kuskura in ba shi ƙanzo don cikinsa bai san shi ba. Na hau jaki da 'yar shara, rana tana dukan kafaɗuna, ina riƙe da igiya kamar mai jan dokin sarki. Karya ta biyo mu a baya.

Ranar na sha kallo a ƙauye, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Abokan da ke yi mini tsiya suka kewaye karen suna tambayar asalinsa, ni kuwa ina ba su tarihin uwarsa da kakarsa, har da wanda ban ji ba. Matata ta dubi karen, ta dubi kafaɗuna, ta tambaya ko rigar tana baya. Baba ya sa aka fito da shi ƙofar gida. Na zayyana masa dabarar tun daga farko, ina jiran yabo. Ya karɓi bakin igiyar ya shafa, ya ja ya ji ƙarfinta.

"Riga kab bayas, igiya anka ba ka?"

"I, Baba. Karen kyauta na."

"To. Ka riƙe igiyar da kyau."

Na ɗaure karen a ginshiƙin jigo, na shiga hidimarsa. Nonon da matata take sha saboda ciki aka raba biyu. Man shanun da ake ɗan ɗiga mini a tuwo ya koma kaskonsa. Shi kuwa sai ya shinshina, ya lasa sau ɗaya ko biyu, ya juya ya fuskanci kudu ya kwanta yana ajiyar zuciya. Na ce halin manya ne, ba sa zarin ci. Da na juya baya sai karya ta lallaɓo ta share kaskon tas. Na kore ta har na gaji na ƙyale ta, tun da dai zubarwa za a yi. Cikin 'yan kwanaki haƙarƙarinta ya fara ɓuya, gashi ya fara tsirowa inda kirci ya ci, amma ni ban kula ba, idona yana kan ɗan asali. Birai kuwa da suka hango shi sun ɗan ja baya, suna zaune a kan duwatsu suna nazarin tsawon igiyar.

Ranar tafiya aikin hanya ta zo. Dogari yana bakin gari yana tara mutane, ni na ruga fadama. A nan na fahimci abin da ya kamata in fahimta tun a Shagari, wato kare a ɗaure ba ya korar biri. Na tsuguna a gabansa na yi masa magana ta hankali. Na nuna masa tsauni, na nuna masa kunyoyin dankali, na tuna masa nonon da ya sha. Sannan na kwance igiyar.

Ya miƙe, ya yi miƙa, ya girgiza wuya. Ya dube ni sau ɗaya. Daga nan ya tsallake shinge ya nufi kudu, hanyar Shagari.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kan mafaraucin nan, bai yi ƙarya game da gudun karensa ba. Ban taɓa ganin gudu mai kyau irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Na tsaya riƙe da igiya ina kallo har ya zama ɗigo, har ɗigon ya ɓace. Ina jin dogari yana ƙwala kira daga nesa. Na dubi albasata, na dubi birai a kan duwatsu, na dubi karya kwance a gindin mutum-mutumi tana lasar ƙafa. Na naɗe igiyar na tafi.

Aikin hanya ba shi da labari mai daɗi. Mu haƙo marmara, mu cika kwando, mu ɗauka a ka, mu zuba, mu daddaɓe, mu koma. Tun ranar farko mazagin wandona ya tsinke, na zare igiyar na ɗaure ƙugu da ita. Jikina yana kan hanya, hankalina yana fadama. Duk kwandon da na ɗauka sai in ga kamar hanyar Kurmi nake gyara wa kaina.

Ranar da Di'o ya sauka a bariki, mutane suka riƙa kawo wa kukunsa kaji da ƙwai. Muna cikin jerin masu kwando sai na hango wata riga da na sani tana tahowa. Mafaraucin ne a ciki, ya rataya zabbi a kafaɗa zai kai bariki, jan karen yana biye da shi a sake, babu igiya, yana kaɗa wutsiya. Ban san lokacin da na fita daga layi ba, da kwandon a kaina.

"Baba, karena na wanga!"

Ya tsaya ya dube ni da kyau kafin ya gane ni, don ba riga. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi amarya, ya tambayi gwiwar tsoho. Mutane suka fara taruwa, dogarin ma ya matso.

"Ango, mu bi ta sannu," in ji shi. "Gaban shaidu, mi kas saya?"

Na gyara zaman kwandon a kaina.

"Igiya kas saya. Ta tsinke?"

Na ce ba ta tsinke ba.

"Ta ɓace?"

Wani daga cikin 'yan garinmu ya ɗaga gefen 'yar sharata, ya nuna wa jama'a ƙuguna.

"To ga ta nan tana yi maka aiki," in ji mafaraucin. "Kare ko kyauta nib ba ka. Kyautar ta ga ba ta iya zama, ta komo gida. In koro ta? Ni ban iya korar baƙo ba."

Dariyar da aka yi a wurin har kukun Bature ya leƙo. Dogari ya dafa sandarsa yana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye da marmara a ka, ba halin in kwance igiyar in jefa masa, don wando zai bi ta. Da na koma layi, wani mutumin wajen Sifawa da ke bayana ya matso ya yi mini magana ƙasa-ƙasa. Ya ce in yi haƙuri, shi ma yana da irin igiyar nan a gida, tunkiya ya bayar.

Da aka sallame mu ban bi ta gida ba, fadama na nufa kai tsaye. Tun daga nesa na ga ɓarnar. Gefen da ke kallon tsauni an tone dankalin kaf, rogo a karye, ganye a warwatse. Na tsallaka shinge ina tafe ina lissafin abin da zan gaya wa matata. Sai da na wuce tsakiyar lambun na lura ƙasa ta canja. Daga nan zuwa rijiya fangalin albasa suna tsaye kore shar, ba wanda ya taɓa su, har da sauran kunyoyin dankali. Ɓarnar ta zo ta tsaya, ta kewaye mutum-mutumi daga nesa.

A gindinsa na ga jakin Baba, na ga Baba kansa zaune a ƙasa ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Karya tana kwance a gabansa. Kafaɗarta a yage, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe. Baba yana riƙe da sakaina da garin bagaruwa, yana barbaɗa mata a raunin da ɗan tsinke. Mutumin da ba ya bari inuwar kare ta faɗa kan buzunsa ke nan.

Da ta ji tafiyata ta yi yunƙurin tashi, ta kasa. Sai ta riƙa buga guntuwar wutsiyar nan a ƙasa. Na tsuguna kusa da ita. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani abu mai kama da abin da nake ji idan na tuna yayana.

"Ashe tana da murya," in ji Baba, bai dube ni ba. "Tun daga bakin gari a ka jin ta. Kullum sai sun zo, kullum sai ta tarbe su. Jiya babban yak kama ta."

Na ce ban san za ta iya tsaron lambu ba.

"Ba lambu ta ka tsaro ba. Taguwarka ta ka tsaro. Abin da ad kusa da taguwa shi at tsira." Ya ɗaga kai ya dubi mutum-mutumin. "Wanga dai ya hi ka zama wuri guda."

Na jira sauran. Na san abin da ya rage a lambun bai kai a kira shi abin kirki da baki cike ba, kuma na san Baba ba ya sake magana. Ya gama barbaɗa maganin, ya goge yatsunsa da ƙasa, ya daɗe yana kallon albasar.

"Na ce in biri ya hi ka, in ba ɗan baffanka. Biri ya hi ka, wanga ba gardama." Ya nuna karyar da tsinken hannunsa. "Amma bai hi wagga ba. Lambu na mai tsaronai na. Na ba ta. Sai dai ba ta iya jigo, tana son bara mai yi mata ban ruwa, rani da rani, ba ya zuwa ko'ina. In kana so, ka roƙe ta."

Na ɗan ɗauki lokaci kafin maganar ta shige ni. Da ta shige, sai na ji hawaye, na sunkuya ina gyara shingen da ba abin da ya same shi. Can na tuna da igiyar. Na riƙe wando da hannu ɗaya na kwance ta, na ce bari in ɗaure karyar a inuwa kada ta ja jiki ta tafi wani wuri da wannan rauni.

"Mi za ka ɗamre?" in ji Baba. "Wadda kaj jehwa da hoge ba ta tahi ba?"

Igiyar a jigo ta ƙare, na ɗaura mata guga. Igiya ce mai kyau, ta daɗe tana jan ruwa. Karya ta warke, idon dai bai dawo ba, kyau kuwa dama ba ta da shi balle ta rasa. Abokaina suka bar ce mini ango, suka koma ce mini baran karya, wannan karon ba tare da lanƙwasa harshe ba, kuma ina amsawa. Da damina matata ta haihu, ina gida. Da kaka ta wuce samari suka saɓa ƙunshi suka bi hanyar kudu, na raka su bakin gari na dawo. Ban taɓa zuwa cin rani ba har na tsufa.

Ranar da muka cire albasar farko na kai wa Baba kwando guda a zaure, na zaɓo manya na jera a sama. Ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu, ya shinshina, ya mayar. Bai ce ta yi kyau ba. Ya tambaye ni ko na riga na kai wa mai lambu tuwonta.

Na ce tukuna.

Ya ce in ajiye kwandon in je in kai.